Likita a cikin waya: yadda shugabannin lafiya za su riga jita-jita isowa zango



Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi ko na masallaci ya san irin wannan saƙon. Yakan shigo ne bayan sallar asuba. Muryar wani ce da ba mu san shi ba, yana Hausa mai daɗi, ya fara da sallama da salati, sannan ya ce wani babban likita ya tona asiri: kada a ƙara shan maganin kaza, kada a kai yara allurar kaza, ga wani ganye da ke warkar da hawan jini cikin kwana 7. Kafin mai koko ta sauke tukunya, saƙon ya bar Nima ya isa Aboabo, ya shiga Tamale, ya haye teku zuwa wurin 'yan'uwanmu a Jamus da Amurka, ya kuma dawo mana ta wani zauren. Sanarwar asibiti kuwa, in ta fito, sai bayan kwana biyu, da Turanci, a hoton takarda mai hatimi da ƙananan rubutu.

A tsakanin saƙon nan da sanarwar nan ne ake yin asara. Wata tsohuwa za ta ajiye ƙwayoyinta na hawan jini a ƙarƙashin matashi. Wata uwa za ta fasa zuwa awo. Wani zai yi ta zawo a ɗaki yana shan jiƙo har jiki ya bushe. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani kan yadda shugabannin lafiya ke amfani da kafofin sada zumunta, abin da ke sa saƙonsu ya isa ko ya maƙale a hanya, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu masu karɓa da turawa.

Su wane ne shugabannin lafiya?

Da an ce shugaban lafiya, hankali yakan tafi kan Ministan Lafiya ko Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Ghana, wato GHS. Suna ciki, amma waɗanda suka fi kusa da mu su ne daraktan lafiya na gunduma, babban likitan asibiti, shugabar nas-nas, ungozomar da ke kula da ɗakin haihuwa, nas ɗin unguwa mai zagayawa gida-gida, da mai kantin magani mai lasisi. Kowanne a cikinsu yana da mutanen da ke jin maganarsa, kuma kusan kowannensu yana riƙe da waya. Haka nan 'ya'yan zango da suka yi karatun likitanci da aikin jinya, ko suna aiki a Korle Bu, ko a Komfo Anokye, ko a asibitin Maamobi, ko ma a Ingila. Idan suka yi magana, akwai wanda zai ce ai wannan ɗan gidan wane ne, na san uwarsa.

Yadda labari ke tafiya a wurinmu

Zango wuri ne na baki da kunne. Labari yana tashi daga bakin masallaci, daga wurin suna da aure da addu'a, daga inda samari ke shan ataya, daga cikin trotro. Waya ba ta canza wannan ba, sauri kawai ta ƙara masa. Yawancin iyayenmu ba sa karanta dogon rubutun Turanci, amma suna danna saƙon murya su saurara har ƙarshe, su kuma kunna wa maƙwabciya. Kabilunmu da yawa ne, akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Wangara da Yarabawa, Hausa ce ke haɗa mu. Wanda ya yi magana da Hausa ya shiga kusan kowane gida.

Kafofin kuma ba ɗaya suke ba. Facebook fili ne, hukuma na iya watsa taro kai tsaye kowa ya gani, a yi tambaya a ba da amsa a bainar jama'a. X, wanda a da ake kira Twitter, ya fi zama wurin 'yan jarida da 'yan boko. TikTok na matasa ne, kuma masu tallar magani sun cika shi. WhatsApp kuwa ɗaki ne a kulle. Saƙon da ke cikin zaure ba mai ganinsa sai 'yan zauren, ko kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Wannan kariya ce ga sirrinmu, sai dai tana nufin daraktan lafiya ba zai san ƙaryar da ke yawo a unguwa ba sai wani ya kai masa. Kamfanin ya yi ƙoƙarin rage gudun saƙonni. A 2019 ya taƙaita turawa zuwa wurare 5 a lokaci guda, a Afrilun 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka riga aka tura da yawa zuwa wuri 1 kacal a lokaci guda, ana gane shi da alamar kibiya biyu a samansa. Hakan ya rage gudu, amma mai son yaɗa abu ba ya gajiya da dannawa.

Abin da shekarun baya suka koya mana

A watan Agustan 2014, bayan da Ebola ta shiga Legas, wani saƙo ya cika wayoyi a Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi a kuma sha, wai yana kare mutum daga cutar. Mutane sun tashi da tsakar dare suna tayar da 'yan'uwansu a waya. Kafin hukumomi su ƙaryata da rana, an riga an sha. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, an kwantar da wasu a asibiti, domin gishiri mai yawa haɗari ne, musamman ga mai hawan jini. Waɗanda suka tura saƙon ba mugunta suka yi ba. Tsoro ne da ƙauna, kuma babu wata murya amintacciya da ta riga saƙon isa gare su.

A shekarar nan dai Ghana ba ta samu Ebola ko mutum ɗaya ba. Abin da ya kashe mu kwalara ce, wadda ta kama fiye da mutum 28,000, ta kashe fiye da 200, mafi yawa a Accra da kewaye. Cutar da kowa ke magana a kanta a waya daban, wadda ke cikin kwatar ƙofar gida daban.

Sai korona. An tabbatar da mutum 2 na farko a Ghana ranar 12 ga Maris 2020. Cikin 'yan kwanaki aka hana taruka, har da sallar jam'i, daga 30 ga Maris kuma aka kulle Accra da Kumasi na mako 3. A lokacin ne muka ga hukumomi sun shigo waya da gaske. Ana watsa jawabin shugaban ƙasa da taron manema labarai na Ma'aikatar Watsa Labarai kai tsaye a Facebook, Babban Daraktan GHS na lokacin, Dokta Patrick Kuma-Aboagye, yana bayyana alƙaluma, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta buɗe layin amsa tambayoyi a WhatsApp. Duk wannan ya yi amfani. Amma a gidajenmu, abin da ya kwantar da zukata kan rufe masallatai shi ne jin cewa Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya goyi bayan a yi salla a gida. Maganar likita ta samu shiga ne bayan ta bi ta bakin wanda muka yarda da shi. Da aka sake buɗe masallatai ranar 5 ga Yuni, da sharaɗin kada a wuce mutum 100, limamai da kwamitocin masallatai ne suka fassara ƙa'idojin suka baza su a zauruka.

Ranar 24 ga Fabrairun 2021 Ghana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta karɓi allurar korona ta shirin COVAX, guda 600,000. Tun kafin jirgin ya sauka, saƙonni sun riga sun ce allurar na hana haihuwa. Ranar 1 ga Maris aka yi wa Shugaba Akufo-Addo tasa a Asibitin Sojoji na 37 a gaban kyamara, wasu manyan ƙasa suka biyo baya, har da Asantehene. Gani ya kori ji, hotunan nan sun yi abin da takardar sanarwa ba za ta yi ba.

Zargin hana haihuwa tsohon zance ne. A 2003, tun babu WhatsApp, jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna kan irin wannan zargi, cutar ta sake shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Ghana. Ba a koma ba sai a Yulin 2004, bayan an zauna da malamai da sarakuna, an kuma samo maganin daga Indonesiya. Abin da ya ɗauki watanni yana yaɗuwa a wancan lokacin, yau dare ɗaya ya ishe shi.

Akwai kuma misali mai kyau. A Yulin 2022 an gano cutar Marburg, 'yar'uwar Ebola, a yankin Ashanti. Cibiyar bincike ta Noguchi ta yi gwaji, aka sake tabbatarwa a Dakar. GHS ta sanar da jama'a tun ana jiran sakamako na biyu, ta ci gaba da ba da bayani, aka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiyar, a watan Satumba aka ayyana ƙarshen cutar bayan ta kama mutum 3. Idan hukuma ta yi magana da wuri, ɗan jita-jita yakan iske an riga shi.

Yadda saƙo mai isa yake

Daga waɗannan abubuwan muka tsamo abin da muke roƙon shugabannin lafiyar da ke aiki a unguwanninmu.

Na farko, a yi magana da wuri, ko da bayani bai cika ba. Ba laifi ba ne likita ya ce ga abin da muka tabbatar, ga abin da muke jiran sakamakonsa, za mu dawo muku gobe da la'asar. Sai dai in an yi alkawarin dawowa, a dawo.

Na biyu, a yi da murya, a yi da Hausa, a taƙaita. Minti ɗaya ko biyu ya isa. Dogon bidiyo yana cin data, da yawa ba za su buɗe ba. Kada a ɗauki sanarwar Turanci a juya ta kalma bayan kalma. A kira cuta da sunan da muke kiranta: amai da gudawa, ciwon suga, sanƙarau, ƙyanda, shawara.

Na uku, kowane saƙo ya faɗi mai magana, inda yake aiki, ranar da ya yi maganar, da unguwar da abin ya shafa, kuma a faɗe su cikin muryar kanta. Rubutun da ke tare da saƙo yakan ɓace a wurin turawa. Saƙon da ba shi da kwanan wata sai ya dawo bayan shekara biyu ya tayar da hankalin mutane kan abin da ya wuce.

Na huɗu, a faɗi abin da mutum zai yi. Ga irin yadda muke nufi: "Assalamu alaikum, ni ce nas mai kula da asibitin unguwarmu, yau Talata, kaza ga wata. An samu masu amai da gudawa a unguwar nan. Duk wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a haɗa masa ORS da ruwa mai tsafta yadda aka rubuta a jikin takardar, ya riƙa sha a hanya, a kawo shi nan take, ko da dare ne. Kada a jira gari ya waye." Wannan saƙon tsohuwa za ta fahimce shi, za ta iya maimaita shi.

Na biyar, a shigo ta ƙofar da muka sani. Limamai, sarakunan zango, magajiyoyi, malaman makarantun allo da na Islamiyya, shugabannin samari, da masu kula da manyan zauruka, kowannensu na da jama'a. Daraktan lafiya da ke da zaure ɗaya da waɗannan mutanen ya samu hanyar aika gaskiya, ya kuma samu kunnen da zai ji masa abin da ke yawo. Amma a ƙulla wannan zumunci tun ana lafiya. Wanda ba a ganin fuskarsa sai ranar annoba ko ranar kamfen ɗin allura, mutane za su tambayi me ya kawo shi.

Na shida, a saurara ba tare da raini ba. Uwar da ta ce ta ji allura na hana haihuwa tana kare 'yarta ne da iyakar abin da ta sani. In aka kira ta jahila a gaban zaure, ba za ta sake tambaya ba, kuma ba za ta kawo yarinyar ba. Wasu tsoron ma suna da tushe, domin akwai wanda ya taɓa zuwa asibiti aka yi masa tsawa. A kuma faɗi gaskiya kan abin da ke biyo bayan allura, kamar zazzaɓi ko ciwon hannu na kwana ɗaya ko biyu. In ba a faɗa ba, wanda ya ji a jikinsa zai ce an ɓoye masa. Wajen ƙaryata jita-jita kuma, a fara da gaskiyar, kada a buɗe da maimaita ƙaryar, domin wasu farkon saƙo kawai suke ji.

Na bakwai, a bi kalandarmu. Mai ciwon suga yana bukatar a tuna masa tun cikin Sha'aban ya ga likita kafin ya canza lokacin shan magani saboda azumi. Maniyyata suna bukatar bayani kan allurar sanƙarau da ta shawara da Saudiyya ke nema, tun kafin a fara tururuwa. Kafin ruwan Yuni ya cika kwatoci, a fara maganar kwalara da zazzaɓin sauro. Tunatarwa cewa ana sabunta katin inshorar lafiya ta hanyar danna *929# tana iya hana wani komawa gida daga ƙofar asibiti.

Inda waya ta tsaya

Akwai abin da bai halatta ma'aikacin lafiya ya yi a waya ba. Ba ya saka hoton mara lafiya, ko katinsa, ko sakamakon gwajinsa, sai da yardarsa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2012 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake ba kariya ta musamman. A zango ma rufe fuska bai isa ba, domin da zanen gado ko ƙofar ɗaki za a gane gidan. Asirin da ya tonu kan tarin fuka ko ciwon ƙwaƙwalwa yana iya raba aure, kuma wasu masu irin ciwon za su ƙi zuwa gwaji.

Haka nan zaure ba ɗakin ganin likita ba ne. Likitan kirki ba zai dubi hoton ƙurji ya rubuta magani a gaban mutum 200 ba, zai ce a kawo yaron. Kada mu ɗauki hakan a matsayin girman kai. Ba a auna jini ta saƙon murya.

Kuma ba kowa ke da babbar waya ba. Tsofaffi da yawa, da kayayo, da almajirai, ba su cikin kowane zaure. Rediyo irin su Marhaba FM a Accra da Zuria FM a Kumasi, shirye-shiryen Hausa na GBC, lasifikar masallaci bayan salla, da nas mai ƙwanƙwasa ƙofa, duk suna nan da aikinsu. Saƙon waya yana cika amfaninsa ne idan ya fita daga waya ya koma baki.

Namu aikin

Shugabannin lafiya ba za su iya su kaɗai ba, domin yatsan da ke turawa namu ne. Kafin mu tura kowane saƙon lafiya, mu tsaya mu tambayi kanmu. Wa ke magana, ya faɗi sunansa da inda yake aiki? Yaushe aka yi maganar, a wace ƙasa? Yana sayar da wani abu? Ya ce a daina maganin da likita ya rubuta? Yana matsa mana mu tura wa kowa yanzu-yanzu kafin a goge? Saƙon da ke da kibiya biyu, babu suna, babu rana, ya ƙare da lambar da za a tura kuɗi, ya tsaya a wayarmu.

Mu sani kuma cewa Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta haramta tallar magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, cikinsu har da ciwon suga, hawan jini, kansa da rashin haihuwa, kuma duk tallar magani sai da izinin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato FDA. Wannan ya haɗa da maganin gargajiya. Wanda ya fito a TikTok yana rantsuwa cewa kwalbarsa na kawar da ciwon suga har abada ya riga ya karya doka. Farar riga ba shaida ba ce, ana sayar da ita a kasuwa. Yanzu ma ana iya haɗa bidiyon ƙarya da fuska da muryar mutumin da aka sani, a sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba. In muna shakka, mu duba shafin GHS ko na FDA, ko na masu binciken gaskiyar labarai irin su Dubawa da GhanaFact, ko mu tambayi nas ɗin da ke mana awo.

'Yan'uwanmu na ƙetare, muna godiya da kulawarku, amma ku lura cewa sanarwar da ta shafi Landan ko New York ba lallai ta shafi Sabon Zango ba. Ku tura da bayanin inda ta fito, ko ku fara tambaya.

Masu kula da zauruka, ku ne masu gadin ƙofa. Ku nemi ma'aikacin lafiya ko da ɗaya ku saka shi cikin zaurenku. Ku kafa ƙa'ida cewa saƙon magani mara tushe za a cire shi. In wani dattijo ne ya turo, ku bi shi ta gefe cikin ladabi, ku ce Baba, mun bincika, ga abin da asibiti suka ce. Wanda ya gane ya tura kuskure kuma, ya koma duk inda ya tura ya gyara. Ba abin kunya ba ne.

Ga likitoci da nas-nas 'ya'yan zango, mun san aiki ya yi muku yawa. Abin da muke roƙo kaɗan ne: saƙon murya na minti ɗaya a mako, da Hausar da kuka tashi da ita, da sunanku da ranar a ciki. Duk wanda ya shirya irin wannan, ko asibitin da ke da sanarwa ga jama'ar unguwa, ƙofar wannan shafi a buɗe take, za mu saka.

In kuwa abu ya zo da gaggawa, mutum ya faɗi, ko numfashi ya yi wuya, ko mai ciki ta ga jini, kada a tsaya tambayar zaure. A kira 112, ko a nufi asibiti mafi kusa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. Amin.